Littafin Haya a Kusada

Mun tashi daga Kano ana sallame asuba, ni da abokina, kuma raina a ɓace yake. Mu masu buga littattafai mun yi zama mun yanke cewa littafin da ake karantawa a waya naira ɗari biyar ne, duk ɗan kasuwar da ya karya farashi a daina ba shi kaya. Sai ga labari wai wani tsoho a Kankia yana bayarwa a hamsin. Ni aka tura da takardar gargaɗi in je in raba shi da sana'ar, don an san a can na yi sakandare. Ban faɗa musu cewa a rumfar tsohon nan na fara son karatu ba.

Damina ta yi kyau, gero ya rufe hanya dama da hagu. Direbanmu kuwa tun daga Bichi yake faɗa da ramuka kamar suna jin sa. A Kankia muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya ce a ba shi tabarau.

Na nufi inda rumfar take, sai na tarar da mai cajin waya. Babu igiyar da ake rataye littattafai, babu bencin da muke zama muna leƙen bangon baya. Na yi kewar wurin ƙwarai. Aka ce Baba mai rumfar ya koma gida Kusada, muka hau babur.

Mun same shi a gindin dalbejiya da tsohuwar kwamfuta a kan tebur. Ya tsufa, amma kallo ɗaya ya gane ni, har ya tuna yadda nake naɗe kunnen shafi. Ya sa aka damo mana fura. Ina shan furar ina neman ta inda zan fara, sai wani magidanci ya faka babur, ya ce daga Bauranya yake. Ya miƙa waya ya ce maiɗakinsa ta gama, ta ce a dawo da littafi. Baba ya karɓa, ya goge shi a gabanmu, ya tura mata na biyu.

Na tambaye shi abin da na gani. Ya ce shi bai taɓa sayar da littafi a hamsin ba, haya yake bayarwa, kwana uku, kamar yadda yake yi tun zamanin takarda. Mai son saye ya ba da ɗari biyar, sai dai ba su da yawa. Na ce to idan mutum ya kwafe kafin ya dawo da shi fa?

Ya dube ni ya ce, “Kai da kake amsar nawa ka tahi da shi makaranta, mi ya hana ka gudu da shi?”

Gaskiya da saye kaɗai ake yi a lokacin, da ban karanta ko ɗaya ba, balle in buga. Takardar gargaɗin da na zo da ita ta yi zamanta a aljihu.

Da za mu tafi na ajiye hamsin na ce a ba ni haya. Ya yi dariya, ya tura mini wanda ni na buga da hannuna.

Mun shiga Kano bayan la'asar. A zaman da muka yi na gaba an yi ta ce-ce-ku-ce, wasu suka ce haya ma karya farashi ce. Na ce su hana shi nasu in sun ga dama, nawa dai ba zan hana ba. Tafiyar ta nuna mini mun iya sa wa littafi kuɗi, amma mun manta yadda aka yi muka zama makaranta.

Ran kwana na uku na goge littafin, na kira shi na ce, “Baba, na dawo da shi.” Ya tambaye ni ko na naɗe masa kunne.