Ranar da Dutsen Niƙan Hanne Ya Shiga Aikin Gwamnati

Har yau ban manta da ranar da aka raba gidana da dutsen niƙa ba. Lokacin ina masinja a ofishin masu haƙar rijiya, shekarun da ake ta lodin gyaɗa daga Gwarzo zuwa Kano. Ƙa'idar aikin, kafin a sa diga a gari sai Bature mai duba duwatsu ya ga irin dutsen wurin. In mai yashi-yashi ne, yana riƙe ruwa, a haƙa. In baƙin dutse ne irin namu, a wuce.

Da aka zo kan ƙauyenmu, can wajen Kabo, ni aka aika wurin dagaci a kawo dutse. Dagaci ya ce, "Baƙo guda, mu miƙa masa tsakuwar bakin hanya? A nemo wanda ya fi kyau a garin nan."

Kowa ya san inda yake. Na maiɗakina Hanne ne, jaja-jaja, kakarta ta zo da shi daga Azbin a bayan takarkari. Aka ɗauko shi da ɗansa, da sauran garin gero a jiki. Hanne ta biyo ni har zaure.

"Malam, a dawo da shi kafin la'asar, ban yi niƙa ba."

Baturen ya hure garin geron, ya kanga gilashi a ido, ya duba dutsen ciki da bai. Sai ya ce wa tafinta wannan rairayin teku ne da ya daskare tun ba a yi itace ko ɗaya a doron ƙasa ba, kuma bai taɓa jin akwai irinsa a ƙasar Kano ba. A ina aka samo?

"A nan garin, ranka ya daɗe," in ji dagaci. "Tun kakanni."

Baturen ya dube ni. To, masinja ba ya gyara wa dagaci magana gaban baƙo, balle ba ƙarya ya yi ba. Na ce, "Haka ne. A tsakar gidana ma yake."

Nan take aka shafa wa dutsen lamba da farin fenti, aka sa a akwati, sai Kaduna. Na roƙi akawu, na ce na tuwo ne. Ya ce abin da aka ba lamba ya zama na gwamnati. Ɗan dutsen kawai aka miƙo mini, wai shi gama-gari ne.

Ba a jima ba masu diga suka sauka a tsakar gidana, daidai gurbin dutsen. Ba su yi nisa ba suka ci karo da baƙin dutse, suka kwashe kayansu. Ramin muke zuba wa toka.

Ku da kuke shiga aiki yanzu, in manya sun ce a kawo abu, ku fara tambaya: na gani ne, ko na tafiya? Hanne ta daɗe tana niƙa a maƙwabta. Ɗan dutsen kuwa ta tokare ƙofa da shi. Duk ranar da na ce tuwo ya makara, sai ta nuna shi da muciya ta ce, "Malam, je ka Kaduna ka tambayi uwarsa."