Famfon Taraktar Urpo

In ana maganar waɗanda takunkumin da aka ƙaƙaba wa Rasha ya gigita, a fara da Urpo Kemppinen. Manyan da aka yi abin dominsu ba a ji sun fasa cin abincin rana ba. Urpo kuwa taraktarsa ce ta kwanta.

A wani ƙauye kusa da Parikkala aka haife shi, dab da iyaka, inda kare kan yi haushi a Finland ɗan'uwansa ya amsa daga Rasha. Yana saurayi ya sayi jar tarakta ƙirar Rasha, daga baya ya auri Helvi, kuma har gobe Helvi ta san wadda ake fara tambayar lafiyarta da safe. Da taraktar yake share dusar ƙanƙara daga hanyar ƙauye. Hanyar ta masu gidajen da ke bakinta ce, su ke zama su zaɓi mai sharewa, kuma tun wasunsu ba su yi haƙori ba Urpo ake zaɓa. Ba ya rawa, ba ya waƙa, a coci barci yake yi. Hanyar nan ita ce mutuncinsa.

Da can in wani ƙarfe ya lalace, sai ya tsallaka iyaka ya sayo. Sai yaƙi ya zo, aka sa takunkumi, aka rufe iyaka. Da kaka famfon man taraktar ya mutu, Urpo ya koma gadin rediyo, yana jiran a ce an janye. Rediyo ta ce an ƙara wata shida, rufe iyaka ma an tsawaita sai abin da hali ya yi.

"Ka sa 'yarka ta yi maka odar wani daga Estoniya mana," in ji Helvi.

"Jabu ne."

"Kai ma haƙoran bakinka jabu ne, ba su hana ka cin tsiran alade ba."

"Za su janye."

"Eh, suna can sun kasa barci saboda famfonka."

Masu hanya suka turo masa magana cikin ladabi: in dusa ta sauka tarakta ba ta tashi ba, za su ɗauko ɗan kwangila daga gari.

Ana haka Tuuli, wata matashiya daga Helsinki da ta gaji gidan kawunta a ƙarshen hanya, ta buɗe sito ta iske tsohuwar tarakta irin ta Urpo sak, tayoyi sun ruɓe, inji kuwa lafiya lau. Ta tako har gidan Urpo.

"Urpo, an ce famfo kake nema. Zo ka cire na wajena, kyauta."

A yankin nan ba a karɓar abu a tayin farko. Ko kofi aka ce ka sha, sai ka ce kar a wahala dominka, a sake, ka ce yanzu ka sha a gida, sai a na uku ka miƙa hannu kamar an murɗe maka wuya. Urpo ya dubi takalminsa.

"Haba, kar ki damu da ni. Muna lallaɓawa."

Ya gyara tsayuwa yana jiran na biyu.

"To madalla," in ji Tuuli. "Bari in kira masu sayen tsoffin ƙarafa." Ta ɗaga hannu ta wuce.

Helvi ta dafe kai. "Bi ta, tsohon nan! Bi ta ka ce kana so!"

"In roƙa? Ai za ta dawo. Wa ya taɓa tayi sau ɗaya?"

"'Yan Helsinki! Can in ka ce ka ƙoshi, ɗauke kwano ake yi."

Ta ce ita za ta je, ya ce in ta taka ƙofar yarinyar nan a sito zai kwana har bazara. Ya aske gemu, ya zauna bakin taga yana jiran tayi. Ga takunkumin da manya suka ƙaƙaba daga Brussels, ga wanda mutum ya ɗaura wa bakinsa da hannunsa, kuma na biyun ya fi tsauri.

Ranar da babbar motar ƙarafa ta zo, dusa ta fara zuba tun safe. Aka ɗora taraktar Tuuli, motar ta biyo hanyar da ba wanda ya share, ta iso daidai ƙofar Urpo ta zurma rami. Direban, wani ƙato mai jan hanci, ya buga ƙofa yana huci.

"Baba, wane malalaci ne ke share hanyar nan?"

"Ga shi gabanka," in ji Helvi. "Taraktarsa ba famfo, ga famfo can a bayan motarka."

"To don Allah ka cire ka ɗaura, ka ja ni. Ka taimake ni, Baba."

Urpo ya yi gyaran murya. Wannan ba kyauta ba ce, taimako ake nema, kuma ba a barin baƙo a rami.

"To, tunda ka matsa."

Kafin ya rufe baki sifana na hannunsa. Ya wuni yana kwancewa da ɗaurawa, direba na ɗaki yana cinye wa Helvi burodin kirfa. Da yamma tarakta ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta tashi. Ya fizgo motar daga rami, ya share hanya har ƙofar Tuuli, bai ko dubi tagarta ba.

Masu hanya suka bar masa aikinsa. In ka tambaye shi yadda aka yi, zai ce wani bawan Allah ya ceta a cikin dusa, ya kuma ƙara da cewa yarinyar nan ta Helsinki tana da kirki, tarbiyya ce dai ba ta samu ba.