Kalmar da Mai Guga Ta Dawo da Ita

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin guga ɗaya, har mutanen layin suka manta sunanta na yanka. Manya su ce Mai Guga, yara su ce Inna Mai Guga. Ɗakin a bayan shagon wanki yake, tagarsa ɗaya, tana kallon katangar wani gareji. A ciki akwai dogon teburi da aka lulluɓe da tsohon bargo, da igiyoyi uku na rataye riguna, da dutsen guga biyu: na lantarki don ranar da aka kawo wuta, na gawayi don sauran kwanakin Allah. Bayan hannunta na dama duk tabon ƙuna ne, wani a kan wani.

Mijinta birkila ne. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ya bar mata yara biyu, mace da namiji, kuma da dutsen nan ta raine su. Macen ta yi aure a unguwar gaba. Namijin, wanda tun yana aji uku ake ce masa Dogo, ya koyi walda, hannunsa ya faɗa sosai, har wani ɗan kwangila ya ɗauke shi suka tsallaka iyaka, zuwa wani babban birni da ake ta gine-gine, inda Faransanci ne harshen ofis da na allunan kan titi.

Shekara uku yana kiranta duk ƙarshen mako da hantsi. Ya ba ta labarin bene mai hawa bakwai da suke yi wa ƙarafan baranda kusa da filin ƙwallo, ta yi masa faɗa kan ya riƙa sa gilashin ido. Daga nan kiran ya koma sau ɗaya a wata. Daga nan ya ɗauke ɗif. In ta kira, muryar na'ura ce ke amsawa da yaren da ba ta ji. Wata biyar a haka.

"Inna, ki kwantar da hankalinki," in ji 'yarta. "Kin san halinsa. In ya ga dama zai kira."

"In yana da bakin kiran ba," in ji Mai Guga. "Ni dai zuwa zan yi."

Cikin masu kawo mata guga akwai wani tsohon malamin Faransanci da ya yi ritaya. A makaranta ya koya wa yara su riƙa ce masa mesiye, bakinsu ya mayar da ita Mushe, sunan kuma ya bi shi har tsufa. Shi da kansa yakan ce shi kaɗai ne mushen da ke yawo da ƙafarsa. Farar riga huɗu gare shi, duk wuyansu ya cinye, amma dole a sa musu sitati. Ranar da ya zo karɓa ta ajiye dutsen ta ce, "Malam, so nake ka koya min yaren nan."

"Duka?"

"A'a. Sunayen wurare kawai. Yadda in na tsaya a titi zan tambayi hanya."

Ya ce a tasha za ta sami masu jin Hausa, amma gaskiyarta ce, da zarar ta shiga ofis ba mai sauraronta. Washegari bayan la'asar ya zo da wani littafi da bangonsa ya rabu, ya kifa bokiti ya zauna. A tsakiyar littafin akwai zanen gari guda, kowane gini da lamba a kansa.

Da tambayar ya fara: où est, wato ina ne. Ta ce, "U e." Ya ce ta ci rabin jarabawa. Aji huɗu ta yi a firamare, saboda haka ta sami bayan kwalin da ake sa wa wuyan riga, tana rubuta kowace kalma yadda kunnenta ya ji. La gare, tasha, ta rubuta lagar. Le marché, kasuwa, marshe. La maison, gida, mezon. Ya bayyana mata cewa a wajensu gida mace ce, kasuwa kuma namiji.

"To, su dai sun san wanda ke wuni a ina," in ji ta. Rabonta da dariya har ta manta.

Mushe malami ne na gaske, ba ya tsallake layi. Ya koya mata gidan burodi, kalmar da ta ce harshenta sai ya yi tuntuɓe sau biyu kafin ya kai ƙarshenta. Ya koya mata gidan waya, da banki, da ɗakin karatu, da gidan tarihi. Ya gargaɗe ta cewa hôtel de ville ba masauki ba ne, ofishin magajin gari ne, kada ta je ta nemi gado. Tana guga tana maimaitawa, kowace kalma da tafiyar dutse ɗaya daga kafaɗa zuwa bakin hannun riga.

Ranar da ya kai kan la piscine, wurin ninƙaya, ta dangwarar da dutsen a kan ƙarfensa.

"Malam, ni ba yawon buɗe ido za ni ba. Yaya ake cewa asibiti?"

"L'hôpital."

"Ofishin 'yan sanda?"

"Le commissariat."

"Gidan yari?"

Ya cire gilashinsa ya goge. "La prison."

"Inda ake ajiye gawar da ba a san mai ita ba fa?"

"Haba, baiwar Allah. Ba za ta kai ga haka ba."

"Ka faɗa min dai."

Ya faɗa mata la morgue, ya faɗa mata le cimetière, maƙabarta. Ta rubuta su a ƙasan kwalin. Da kansa ya ƙara mata uku: le chantier, inda ake aikin gini, da l'immeuble, dogon bene, da étage, hawa. Sati shida suka yi. Ko sau ɗaya bai makara ba.

Kwana biyu ta yi a mota. Birnin ya fi yadda Dogo ya kwatanta girma da hayaniya. Wata mai shara a tashar, wadda ke jin Hausa kaɗan-kaɗan, ta ba ta gefen tabarma a ɗakinta. Da safe Mai Guga ta fita da kwalinta da hoton Dogo, wanda ya ɗauka ranar da ya gama koyon walda.

Filin ƙwallo ta fara nema, ta kuwa same shi, ta sami benen mai hawa bakwai. An gama shi tuni, har an shanya tufafi a barandar. Ta daɗe tana kallon ƙarafan. Mai gadin wurin bai san kowa cikin ma'aikatan ba.

Daga nan ta koma kan kalmomin da ke ƙasan kwalin. "U e komisariya?" Aka nuna mata. Ɗan sandan ya dubi hoton, ya yi wata doguwar magana, ya ɗaga kafaɗa. Abin da Mushe bai faɗa mata ba shi ne, tambaya ta iya, amsa ba ta iya ba. Sai ta koma kallon yatsa da haɓa, duk inda suka nuna ta bi. Asibiti uku ta shiga, tana leƙa gadaje ɗaya bayan ɗaya har ma'aikatan jinya su kore ta. A gidan yari ta tsaya layi tun safe har rana ta take, tare da matan da suka kawo wa nasu abinci, kafin wani jami'i ya duba littafi ya girgiza kai. Rana ta biyar ta tsaya a gaban wata mai sayar da ruwa ta ce, "U e lamorg?" Matar ta dube ta, ta bar tallanta, ta kama hannunta ta raka ta har ƙofa. A ciki wani dattijo ya buɗe mata littafin hotuna, yana juya shafi tana kallo. Ba Dogo. Da ta fito ta zauna a bakin kwata tana ta hamdala, ba ta ma san hawaye na zuba ba.

Maƙabarta ta rage, amma ta ce bari ta fara zaga wuraren gini. A na huɗu wani tsohon mai fenti ya karɓi hoton, ya kai shi kusa da ido, sai ya fashe da dariya. Ya kira abokan aikinsa, su ma suka yi dariya, ɗaya yana kwaikwayon tuƙin mota. Mai fentin ya yi mata rubutu a yagin takardar siminti. Ta gane kalma biyu a ciki, bene da hawa, da lamba uku.

Takardar ta yi ta nuna wa mutane har suka kai ta wurin. Benen fari ne, da furanni a ƙofa. Mai gadi ya hana ta hawa, ya yi waya, ya nuna mata ƙasan matakala ta jira. Ta ji takun saukowarsa kafin ta gan shi, ta kuma gane takun.

Ya yi ƙiba. Shuɗiyar riga ce a jikinsa, mai dogon hannu, makullin mota a yatsa. Da ya gan ta ya tsaya cak, saura matakala uku.

"Inna," ya ce a hankali, yana waiwayen sama. "Wa ya kawo ki?"

"Ƙafata."

"Ai da kin jira. Ina ta niyyar kira, wayar ce ta..."

"Ashe kana da rai."

"Lafiyata ƙalau. Abin da tsawo, Inna, zan yi miki bayani, amma ba a nan ba."

Ta so ta taɓa fuskarsa. Hannunta har ya tashi, sai ga wata matashiya ta sauko, kyakkyawa, da tsohon ciki, tana dafa ƙarfen matakala. Ta sa hannu a kafaɗar Dogo, ta yi masa tambaya tana murmushi. Ya amsa da sauri, bai dubi uwarsa ba. Mai Guga ta kasa kunne yadda ta saba yi wa Mushe. Ta san mama ko'ina mama ce, kuma ba ta ji ta ba. Abin da ta kama kalma ɗaya ce a ƙarshen maganar: buwazin.

Matar ta miƙo mata hannu da fara'a, ta faɗi wani abu mai daɗin ji, ta wuce wajen mota. Dogo ya ce asibiti zai kai ta awo, in ya dawo zai nema wa Inna masauki mai kyau, ta jira shi a wajen mai gadi. Idonta na kan hannun rigarsa. Wanda ya goge ta ya yi mata kari biyu, ɗaya kusa da ɗaya, aikin ganin ido.

"Je ka kai ta," ta ce. "Kada ku makara."

Ba ta jira ba. Hanyar tasha ba ta buƙaci tambayar kowa ba. A mota ta yi ta juya kalmar a baki don kada ta zube. Wani lokaci ta ce wa ranta wataƙila haka suke kiran uwa cikin girmamawa, ko gwaggo, ko wata babba a dangi. Yare ne mai faɗi, sati shida kawai ta yi a cikinsa.

Kwana biyu da dawowarta Mushe ya zo da rigunansa. Ta ce masa Dogo na nan da rai, ya yi aure. Ya ɗaga hannu yana godiya ga Allah.

"Malam, saura kalma ɗaya. Mene ne buwazin?"

"Voisine? A ina kika ji ta?"

Ta faɗa masa. Ya sunkuyar da kai yana gyara rigunan da ke cinyarsa, ya ce wataƙila kunnenta ne, akwai kalmomi masu kama da juna.

"Sati shida kana yabon kunnen nan. Ka faɗa min."

"Maƙwabciya," in ji shi.

Ta gyaɗa kai. Ta karɓi rigunan, ta ce ya dawo jibi. Ya tashi ya tafi.

Sauran labarin ta bakin 'yarta ya zo, don ita ce ta samo sabuwar lambar Dogo ta wanke shi tas. Matarsa 'yar mai kamfanin da yake wa aiki ce. Tun farkon zuwansa, don a tausaya masa a riƙe shi a aiki, ya ce musu shi maraya ne, ba uwa ba uba. Maigidan ya ja shi a jiki saboda haka, ya ɗora shi kan ma'aikata, daga baya ya ba shi 'yarsa. Yanzu, in ji Dogo, ya rasa ta inda zai warware maganar, amma yana nan yana neman lokacin da ya dace.

Shekara biyu ke nan lokacin bai dace ba. Yakan kira jefi-jefi, kullum daga cikin mota, tana jin ƙarar titi a bayansa. Takan amsa. Ya tambayi lafiyarta ta ce lafiya, ya tambayi aiki ta ce da godiya, daga nan sai ɗayansu ya ce sai an jima. Mushe ya taɓa zuwa da littafinsa, ya ce ko don ɗebe kewa su ci gaba, babi na gaba na dangi ne. Ta ce ya rufe littafinsa.

Wuyan hannunta ya fara kumbura, likita ya ce ta huta. 'Yarta ta yi ta roƙo ta koma wajenta da zama, ta ƙi. Wata ranar Talata 'yar ta shigo ɗakin guga da waya a hannu, ta ce Dogo ya turo hoton ɗansa, har ya fara tafiya. Mai Guga ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta kai wajen taga. Ta daɗe tana kallo.

"Kunnen babanku ne," ta ce.

"Yaya sunansa ma ba ki tambaya ba, Inna."

Ta miƙa mata wayar. "Matsa daga nan, kin jingina da kayan mutane."