Ranar da Mama Tamar Ta Ƙirga Garinsu

Mama Tamar ba ta iya zama wuri ɗaya. Shekara talatin da biyu tana karɓar haihuwa a Ungwan Dutse, wani ƙauye a bayan Madakiya, kuma ko da ta ajiye aikin ƙafarta ba ta huta ba. In ba ta gonar citta, to tana bakin rafi tana duba inda ruwa ya sake cin hanya.

Hanyar nan ce damuwarta. Kilomita bakwai ne daga ƙauyen zuwa kwalta, amma da damina ta kankama, bas ɗin Ishmael, wadda ita kaɗai ke shigowa ranar kasuwa, sai ta tsaya a ƙetaren rafi. Masu acaba ma sai mai ƙarfin hali. Buhunan citta a ka ake tsallakar da su. Matasa kuwa, duk wanda ya leƙa Sabon Tasha ko Abuja, ba a sake ganinsa sai biki ko jana'iza.

Sau huɗu ta je Kafanchan da takardar roƙon a yi musu kwalbati. A zuwa na huɗu ne wani injiniya mai suna Dickson ya ba ta kujera.

"Mama, ku nawa ne a garin?"

"Mun fi dubu biyu."

Ya duba wata takarda. "Nan ɗari shida aka rubuta."

"Ɗana, waɗanda na karɓa da hannun nan ma sun fi haka."

"Masu kwana a garin muke ƙirgawa, Mama."

"To ai hanyar ce ta hana su kwana! Ka zo washegarin Kirsimeti ka gani da idonka."

Ya yi dariya, ya ce zai gwada.

Daga ranar ta shiga gida-gida tana karɓar lambobin waya. Faustina, sakatariyar zumuntar mata, ita ke bugawa, Mama Tamar ke magana. "Bana ka zo gida, da matarka da yara." Wani ya ce hanyar za ta kashe masa mota. Ta ce, "Ajiye ta a kwalta, ka tako. Da ƙafa ka fita." Fasto Gershon ya roƙe ta ta riƙa hutawa saboda hawan jini. Ta ce to, ta wuce gida na gaba.

Ranar ta zo. Tun da hantsi take kai da kawowa tsakanin majami'a da rafi. Sai da rana ta take Dickson ya iso a bayan acaba, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Filin majami'a ya cika, mutane har kan katanga. Ta sa kowane gida ya tsaya wuri guda, ita tana kiran suna, shi yana rubutawa. Dubu ɗaya da ɗari bakwai da arba'in suka samu. Ranta ya ɓaci, ta dinga lissafa waɗanda suka ƙi zuwa, har da ɗanta Meshak.

Dickson bai yi alkawari ba. Amma a watan Maris sai ga gireda da motar siminti. Aka yi kwalbatin, aka baje hanya, aikin ya tsaya saura kilomita uku. Yanzu bas na wuce rafi ko a watan Agusta, tana sauke mutane a gindin mangwaron firamare. Iyalai biyu sun dawo, ɗaya ya kafa injin niƙa.

Meshak ya bugo ya ce shi sai an gama hanyar gaba ɗaya zai kawo mata jikoki.

"In na mutu kafin a gama fa?"

Ya ce, "Mama, za mu zo Ista."

Ta kashe wayar, ta tura a faɗa wa Faustina a gyara masa ɗakin baya, akwai yoyo.