Na Je Ganin Jikokin Soro

Ƙofar Gayan

Ana sallame sallar asuba muka fito, ni da Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, injiniyan gine-gine a Samaru. Tun ranar da rufin soronmu ya rufto cikin ruwan sama, azara ta sauka daidai inda na ɗaga kaina, ban sake kwana a ɗaki ba, sai rumfar tsakar gida. Baba ya ce ba za a sake rufi ba sai na ga wanda zan iya kwana a ƙarƙashinsa. Ga damina ta yi nisa.

A bas na zauna bakin ƙofa.

"Hajiya, matsa ciki mana," in ji kwandasta.

"Ƙyale ta," Kawu ya ce, "ita ma aikinka take nema."

Samaru

Ofishin nasu ɗan ƙarami ne, da kwamfuta ɗaya mai koren rubutu. Kawu ya ce tana zana rufi barkatai, ta auna kowanne a kan ƙarfi da sanyi da araha. Ta zubar da ragwaye, ta haɗa nagari aure, su haifi sababbi, a sake tacewa, kamar yadda manomi ke ware iri.

"Kawu, har soro ake yi wa aure?"

"Har jikoki sun samu."

Na ce to ta ba ni mafi kyau. Ya ce babu shi. Wanda ya fi a nan ya gaza a can, zaɓi kuma na mai ɗaki ne.

Bomo

Da hantsi muka hau babur zuwa wannan ƙauye, inda su Kawu suka gina soro uku daga zanen kwamfutar don gwaji. Mai arahar ko leƙawa ban yi ba. Mafi ƙarfin, mai siminti, na shiga na fito da gumi kamar daga tanderu. Na tsakiyan kuwa na ƙasa ne da azara, sai dai bakan rufinsa ya fi namu tudu.

Ina cikinsa ruwa ya kece. Ƙafafuna suka ce in gudu. Na riƙe ƙyaure ina kallon sama, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Har ruwan ya ɗauke ko ɓurɓushin ƙasa bai zubo ba.

Gida

Bayan la'asar muka iso, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Kawu da alheri. Daren nan ma a rumfa zan kwana. Amma na ce wa Baba a sayo azara.