Yadda Muka Kai Hannun Yaro Kano

Tafiyar nan ta yi wuya, kuma ba ta biya ba. Gara in faɗa tun farko, don masu kirana a waya suna tambaya ko an dace su huta. Ba a dace ba. Na sayar da akuyata, na bar gona ana tsakiyar noman maimai, na dawo da yaro da hannunsa yadda na tafi da shi, sai dai an naɗe shi da farin bandeji.

Ga wanda bai sani ba, ɗan autana ne, bai daɗe da yaye ba. Ranar haihuwarsa kafaɗa ta maƙale, sai da aka ja shi da ƙarfi ya fito. Tun ranar hannunsa na dama yake a sake kamar igiya, tafin ya juya baya. Maɗori ya matsa ya ce ƙashi lafiya lau. An yi rubutu, an yi tofi, muka gaji muka bar wa Allah. To, da haƙora suka cika masa baki sai ya fara cin hannun. Ba tsotsa nake nufi ba. Cizo har jini, yana yi yana kallon kaji, ko a jikinsa. Yatsa ɗaya ya kumbura ya fara wari. Mai kemis ɗin ƙauyenmu ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, in ba mu kai shi Kano ba yatsan zai tafi.

Mun tashi da asuba, ni da uwarsa, shi yana goye. Inna, mahaifiyata, ta rako mu har zaure tana tofa masa addu'a. An kwana ana ruwa, hanyarmu ta zama taɓo. Ɗan acaɓan da ya ɗauke mu ya fi tafiya da ƙafafunsa a ƙasa fiye da tayoyin, a kwari kuwa sai da muka sauka muka taka, shi ya turo. Wajenmu gona manne take da gona, gida na kallon gida, babu inda za ka tsuguna wani bai yi maka sannu ba. Geron bana ya yi tsawo amma ganyen rawaya ne, taki ya gagari talaka. Mun wuce mata a bakin hanya suna tsinkar tafasa tun gari bai gama wayewa ba. Wanda ya san watan nan ya san ba don marmari suke yi ba.

A tashar Ɗanbatta kuɗin mota ya ninka wanda na sani. Da na yi magana, ɗan kamasho ya ce in rigima nake ji in tafi gidan mai in yi da su. Aka cusa mu kamar buhunan gyaɗa, cinyar wani a kan tawa. Direban kuwa duk gangare sai ya kashe inji don tsimin mai, mu gangara da ikon Allah.

Ba mu yi nisa ba yaron ya warware tsumman da uwarsa ta naɗa masa. Ya ɗaga hannun da hagunsa kamar wanda ya samu rake, ya kai baki. Wata mai sayar da busasshiyar kuɓewa da ke gefe ta gani ta yi salati, ta ce mayu ne suke cinsa ta bakinsa. Wani dattijo a gaba ya ce ba mayu ba ne, shafar aljani ce, ya san mai magani a bayan Tofa. Kafin ka ce me, motar ta zama asibiti, kowa likita, har direba. Uwarsa ta ja mayafi ta rufe shi da kanta gaba ɗaya. Ni dai titi nake kallo. A Dawanau manyan motoci sun jeru maƙare da hatsi za a fita da shi, mu da muka noma muna kallo ta taga.

A Kano ɗan adaidaita ya karɓi nasa rabon ya ajiye mu a ƙofar babban asibiti. Yankan kati kawai ya cinye mana hantsi, wannan taga ta tura ka waccan. Na sayi awara a bakin ƙofa, an yanka ta siririya har kana hango yatsanka ta ciki, muka kora da ruwan leda. Abin da ya ba ni mamaki shi ne layin. Na ɗauka ɗana kaɗai ne haka a duniya, sai ga yara a kan benci, wasu jarirai wasu sun tasa, kowanne da hannu a sake, tafi ya juya baya. Ban ji sauƙi ba da na gan su. Tsoro na ƙara ji.

Bayan azahar aka kira mu. Likitar mace ce, yarinya, da gani ita ma ba ta ci komai ba. Ta ɗauki tsinken allura tana tsikarar yatsun, yaro yana mata dariya. Ta hau tsintsiyar hannu, dariya. Sai da ta kusa kafaɗa ya tsala ihu. Ta ce jijiyoyin da suke saukowa daga wuya ne suka ɓaci ranar haihuwa. Hannun ba ya jin zafi, ko kuma yana jin wani abu kamar tafiyar kiyashi yana damunsa, shi ya sa yake kai masa haƙori. Na tambaya ko akwai aiki. Ta ce akwai wanda ake yi, amma tun yaro yana jariri, lokacinsa ya wuce mu. Ta faɗa a hankali, amma ma'anar dai kun makara.

Sai ta tambaya ko muna shafa wa hannun wani abu. Uwarsa ta dube ni, na ce faɗa mata. Ta ce lokacin da ya fara cin tuwo hagu yake miƙawa. Inna ta ce ita jikanta ba zai tashi bahago ba, Shaiɗan ne yake ci da hagu, kuma wa zai yarda ya haɗa kwano da shi. Shi ne kullum da safe ake ɗaure hagun a cikin rigarsa, a shafa wa yatsun dama zuma, ranar da babu a jiƙa sukari, don ya koyi kai damar baki. Bai iya ɗaga ta ba, sai ya koyi sunkuyar da kai ya tarar da ita. Ranar da ya fara yi gidanmu har guɗa aka yi, aka ce hannu ya fara farkawa.

Likitar ta ajiye biro.

Ta ce, "Baba, ko ba zuma, wasu yaran irinsa suna cizo. Amma ku kun nuna masa hannun abinci ne. Ku sake masa hagun nan. Ita kaɗai gare shi."

Na ce, "Likita, hagu fa?"

Ta ce, "Ka tambayi limaminku ko Allah yana kama mai lalura. Ni dai yatsa nake ƙoƙarin ceto."

Aka wanke ciwon. Har ƙashi ana gani. Mai wankewar tana gurzawa, shi yana wasa da igiyar wuyanta, uwarsa ce ta yi kukan a madadinsa. Suka ce in kan yatsan ya yi baƙi, sai an yanke gaɓar farko. Suka ce a riƙa sa masa safa a hannun, a naɗa kwali a gwiwar hannu don kada ya lanƙwasu ya kai baki. Sannan mu riƙa kawo shi duk mako ana wankin ciwo da gashin hannu. Nan ne na yi dariya, ba don raini ba. Akuya ɗaya gare ni, kuma tana cikin aljihun direba da mai kati da mai magani. Likitar ta gane dariyar. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta kira na gaba.

Komawa babu abin ba da labari. Ruwa ya kama mu a hanya, motar tana yoyo daidai kaina. Yaro ya yi barci da bandejinsa, gefen har ya jiƙe da yawu. Wajen shiga Ɗanbatta uwarsa ta matso ta ce, "Malam, wa zai faɗa wa Inna?" Tsohuwar nan da kuɗin goronta take sayen zumar. Kullum ita ce farkon tashi ta duba ko yatsun sun motsa.

Mun shiga gida ana kiran magariba. Inna tana bakin ɗakinta, ta ce an dace? Na ce sai godiya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, kuma babu daɗi. Talaka ba ya zuwa asibiti a kan lokaci, sai ya je a gaya masa lokacin da ya kamata ya zo. Kuma ba sai maƙiyi ba, wanda yake ƙaunar yaro ma yana iya cutar da shi yana murna. In an haifa muku yaro hannu a sake, ku kai shi tun yana cikin tsumma, ko me za ku sayar. Ni ban san ko yatsan nan zai tsira ba. Ban san ko zan iya komawa Kano ba kafin a yanke gero.

Da safe na yayyanka kwalin sabulu na naɗa masa a gwiwar hannu, na zura masa safata. Inna ta fito da tsummanta na ɗaure hagu da ɗan gwangwanin zuma, kamar kullum. Na riga ta. Na zauna a tsakar gida, na ɗora shi a cinya, na jawo kwanon ɗumamena. Na kama hagunsa na yi bismilla na tsoma a ciki.

Ta ce, "Da hagu?"

Na ce, "Da hagu, Inna."

Ta tsaya da tsumman a hannu, tana kallonmu. Ya damƙi tuwo ya kai baki, rabi ya zube a rigata. Na sa nawa hannun a kwanon muka ci tare har ya ƙare, sannan na miƙa shi ga uwarsa na ɗauki fartanya.