Malam Zailani Mai Walda da Keken Yazid

Da hantsi, in ka bi ta bakin tashar Mai'adua, ƙarar janareta za ta kai ka rumfar Malam Zailani mai walda. Za ka same shi a tsugune, baƙin tabarau a fuska, yana liƙe salansar babur. Ku taya ni gaishe shi, don yau murna ta hana ni zama!

Ɗana Yazid yana da ciwon da ke cinye ƙarfin jiki a hankali. Likita ya ce na gado ne, shi ya kwantar da kawunsa, kuma ba ya komawa baya. Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, tsorona ɗaya, kada ya bar Islamiyya, don ba shi da burin da ya wuce ya sauke Alƙur'ani.

Zailani ya ƙera masa keken da ake tuƙawa da hannu. Duk ranar kasuwa sai ya ce wa Yazid, "Alaramma, zo mu gaisa. Matse hannuna, kada ka ji tausayin tsoho!" Ashe ƙarfin hannunsa yake aunawa. In ya ji riƙon ya ragu, sai ya harari keken: "Wannan jakin naka ya tsufa, bar min shi ya kwana." Washegari tuƙi ya yi sauƙi. Bai taɓa cewa ƙarfin yaron ne ya ragu ba.

Bara hannun ma ya gaza. Yazid ya juya fuska bango, ya ce ya daina zuwa Islamiyya. Sai ga Zailani har zaure, ya sa wa keken ƙugiya, ya haɗa shi da keken Harisu, ɗan ajinsu. Ya ce, "Ka taɓa ganin Alaramma yana tuƙa kansa? Ga direbanka."

Asabar ɗin nan Yazid ya yi sauka! Da taro ya watse, ya ɗora hannunsa a kan na Zailani, ya ce, "Baba, na daɗe da sanin ba keken ne ke tsufa ba." Zailani ya lalubo tabarau ya rufe ido, alhali ba walda yake yi ba.

Malam Zailani, kai ne ka gyara ƙarfe ba tare da ka karya zuciyar yaro ba. Har yanzu ina tsoron abin da baɗi za ta zo da shi, amma na san hanyar rumfarka. Allah ya saka maka da Aljanna. Masu sana'a, ku duba unguwarku, akwai wani Yazid ɗin da ke jiran hannunku.